Yaya Za Mu Koya wa Matasanmu Kamun Kai da Kunya a Gidan Katolika?

Uwar 'Yan Mata:
Salama a gare ku, iyaye da 'yan'uwa cikin Almasihu. Ina da tambaya wadda na daɗe ina juya ta a zuciyata, kuma na san ba ni kaɗai take damu ba. Dukanmu mun ɗauki alkawari a ranar da aka yi wa 'ya'yanmu baftisma cewa za mu rene su cikin bangaskiya, muna kuma ƙoƙari wajen koya musu addu'a da kai su Misa, amma da zarar yaro ya kai shekara 13 ko 14, jikinsa ya fara canzawa, idonsa ya fara buɗewa, sai yawancinmu mu rasa bakin magana a kan abin da ya shafi sha'awa da sutura da abota tsakanin samari da 'yan mata. Wasu suna kafa dokoki masu tsauri, wasu kuma suna yin shiru su bar wa Fada da katikis, wato malamin koyar da addini a coci, aikin. Ta wace hanya za mu koya wa matasanmu kamun kai da kunya ba tare da mun sa sun ƙyamaci jikinsu ko sun koma ɓoye mana al'amuransu ba?

Baban Biyar:
'Yar'uwa, na gode da wannan tambaya. A ganina maganar ba ta da wuya kamar yadda ake ɗaukarta. Gida yana buƙatar doka, kuma doka tana buƙatar wanda zai tsaya a kanta. A gidana babu wayar da take kwana a ɗakin yara, babu tufar da ake fita da ita idan ba ta rufe jiki ba, kuma dole in san gidan da yaro zai je da wanda zai haɗu da shi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Game da zama a yi ta bayani kuwa, ina da shakka, domin ina tsoron kada yawan magana ya farkar da abin da yake barci a zuciyar yaro.

Tsohon Katikis:
Baban Biyar, dokokinka ba su da laifi, kuma zan dawo kansu, amma tsoron da ka ambata a ƙarshe shi ne nake so mu duba, domin Ikilisiya ta riga ta yi magana a kansa, ba ta kuma goyi bayan shiru ba. Tun a shekarar 1965 Majalisar Vatikan ta Biyu, wato babban taron bishop-bishop na Ikilisiyar Katolika, a takardarta kan ilimin Kirista, ta ce ya kamata a ba yara da matasa ilimi mai kyau kuma cikin hikima game da jinsi yayin da suke girma, ta kuma bayyana iyaye a matsayin malamai na farko kuma mafi muhimmanci. A 1981 Paparoma Yohanna Bulus na II ya sake jaddada cewa wannan tarbiyya haƙƙi ne kuma wajibi ne a kan iyaye. Sai kuma a watan Disamba na 1995 ofishin Vatikan mai kula da al'amuran iyali ya fitar da takarda ta musamman domin iyaye, wadda ta kafa ƙa'idoji huɗu: kowane yaro daban yake, saboda haka a yi masa bayani shi kaɗai gwargwadon girmansa, kada a raba bayanin jiki da maganar daidai da kuskure, a sanya maganar kamun kai cikin babbar maganar ƙauna, a kuma faɗi abin cikin ladabi, a sarari, a lokacin da ya dace.

Wannan takarda ba ta yi watsi da damuwarka ba. Ta ce akwai shekarun da yaro yake cikin rashin sanin waɗannan abubuwa, daga kamar shekara 5 har zuwa balaga, kuma bai kamata a dagula masa wannan kwanciyar hankali da bayanin da bai buƙata ba. Amma ita kanta ta yi kashedi cewa jinkirta maganar har lokaci ya wuce shi ma kuskure ne. Matashi ɗan shekara 14 ya riga ya fita daga waɗancan shekarun, kuma idan bai ji daga bakinka ba, ba wai bai ji ba ne, daga wani bakin ya ji.

Abu na biyu shi ne mu fahimci abin da muke nufi da kamun kai. Littafin Katikisma na Ikilisiyar Katolika, wanda aka fitar a 1992, bai bayyana shi a matsayin jerin haramce-haramce ba. A lamba ta 2337 ya nuna cewa shi ne mutum ya haɗa sha'awarsa da dukan rayuwarsa, jiki da ruhu su zama abu ɗaya, ta yadda zai iya ba da kansa gaba ɗaya cikin ƙauna ta gaskiya. A lamba ta 2339 ya kira shi koyon mallakar kai, inda ko dai mutum ya mulki sha'awarsa ya sami salama, ko kuwa ta mulke shi ya rasa farin ciki. A lamba ta 2342 kuma ya ce aiki ne mai tsawo da wahala wanda ba a gama shi a rana ɗaya, kuma ƙoƙarin yakan ƙaru a lokacin ƙuruciya da samartaka. To, abin da ake koyo yana buƙatar malami mai magana, ba mai gadi kaɗai ba.

Malamar Sakandare:
Baba Katikis, Allah ya ƙara muku lafiya. Ina so in ƙara da abin da muke gani a makaranta. Yaron da iyayensa suke zaton bai san komai ba, sau da yawa ya riga ya ga hotuna ko bidiyon batsa a wayar abokinsa tun kafin ya san sunan abin da ya gani, kuma ba shi ya je nema ba, nuna masa aka yi. Abin da ya rage masa shi ne ruɗewa da jin laifi da rashin wanda zai tambaya. Idan a gidansu ba a taɓa ambaton jiki ba sai da tsawa, to ya riga ya koyi darasi guda, wato wannan magana ba ta gida ba ce.

Amma akwai abin da ya fi damuna a yadda muke tafiyar da wannan batu. Duk lokacin da aka ce kunya, sai hankalinmu ya tafi kan 'yan mata da tsawon siket, kamar samari ba su da rabo a ciki. Ana auna rigar yarinya a bakin ƙofa, ɗan'uwanta kuwa ya wuce ba wanda ya tambaye shi abin da yake kallo da dare, ko irin maganar da yake yi a kan 'yan mata idan ya zauna da abokansa. Yesu a Matiyu 5:28 bai ɗora laifin a kan wadda aka kalla ba, a kan mai kallon ya ɗora shi. Ayuba ma da idanunsa ya ƙulla alkawari, bai ce a ɓoye masa 'yan mata ba. Kuma a littafin Daniyel sura 13, Susana tana cikin lambun gidan mijinta, an rufe ƙofofi, duk da haka dattawa biyu suka ɓoye suna leƙenta, Nassi kuma ya nuna a fili cewa su ne suka karkatar da zukatansu suka kawar da idanunsu daga duban Sama. Idan muka koya wa 'ya'yanmu mata cewa su ne ke da alhakin tunanin kowane namiji, muka kuma bar 'ya'yanmu maza suna jin cewa ba za su iya riƙe kansu ba, mun zalunci ɓangarorin biyu.

Baban Biyar:
Malama, na yarda cewa samari suna da nasu alhakin, kuma ban ce a bar su sakaka ba. Amma kada mu wuce gona da iri har mu ce sutura ba ta da muhimmanci. Manzo Bulus ya rubuta wa Timoti cewa mata su yi ado cikin kamala da natsuwa. Ni uba ne, na san yadda duniya take kallon 'yata, ba zan kuma rufe idona ba don kada a ce na cika tsanani.

Malamar Sakandare:
Ban ce ba ta da muhimmanci ba, ɗan'uwa. Katikisma a lamba ta 2522 ta faɗi sarai cewa kunya tana shiga cikin zaɓen tufafi. Abin da nake cewa shi ne dalilin da muke ba yarinya shi zai zauna da ita bayan ta bar gidanmu. Idan aka ce mata ta rufe jikinta domin jikinta fitina ne, za ta girma tana jin kunyar halittar da Allah ya yi mata, ko kuwa ta yar da dokar ranar da ta sami 'yanci. Idan kuwa aka ce mata jikinta haikali ne na Ruhu Mai Tsarki, kamar yadda Bulus ya rubuta a 1 Korintiyawa 6:19, kuma tana da darajar da ta fi ƙarfin a mai da ta abin kallo, to ta sami dalilin da za ta riƙe ko babu mai duba ta. Wannan aya kuwa ga maza da mata aka rubuta ta.

Tsohon Katikis:
Ku biyun kuna kusa da juna fiye da yadda kuke zato. Bari in ƙara abu ɗaya a kan sutura. Lamba ta 2524 ta yarda cewa yadda ake nuna kunya ya bambanta daga al'umma zuwa al'umma, shi ya sa Katikisma ba ta ba da ma'aunin tsawon riga ba, ta bar wa iyaye da hankalinsu. Ta kuma ce akwai kunya ta zuciya da ta harshe, ba ta jiki kaɗai ba, wato mutum ya san abin da ba a faɗa, da abin da ba a leƙa, da sirrin da ba a bazawa. Matashin da yake tura hoton wata yarinya ga abokansa don a yi dariya ya rasa kunya, ko da tufafinsa sun rufe shi tun daga wuya har idon sawu.

Ɗalibar Jami'a:
Iyayena, ku gafarce ni da shiga maganar manya, amma ban daɗe da fita daga shekarun da kuke magana a kai ba. Abin da na lura a tsakanin ƙawayena shi ne, waɗanda suka fi tsayawa da ƙafafunsu ba lallai ne su zama waɗanda aka fi tsare su a gida ba, sai dai waɗanda suke da babba guda da za su iya gaya wa gaskiya ba tare da gidan ya kama da wuta ba. Matashiya tana gwada iyayenta da ƙaramar magana kafin ta kawo babba. Za ta ce wata yarinya a ajinsu tana da saurayi, sai ta tsaya ta ga fuskar mahaifiyarta. Idan aka hau zagin yarinyar, ko aka juyo kanta da tuhuma, to ta gane cewa nata labarin ba shi da wurin sauka. Kuma muna lura da yadda iyayenmu suke zaune da juna, da abin da uba yake kallo a wayarsa, da irin barkwancin da yake yi a kan mata, fiye da yadda muke sauraron wa'azinsu.

Uwar 'Yan Mata:
'Yata, na gode, Allah ya yi miki albarka. Wannan maganar gwaji da ƙaramin labari ta shiga zuciyata ƙwarai. Amma ina so in tambayi iyaye maza kai tsaye: ku nawa ne kuka taɓa zama da 'ya'yanku maza kuka yi wannan magana? Domin abin da nake gani shi ne uwa ce take ɗauke da nauyin duka, har da na samari.

Baban Samari:
Tambayarki tana kan hanya, 'yar'uwa, kuma akwai labarin da nake ganin ya kamata kowane uba ya sani. Waliyyi Agustin, wanda aka haifa a shekara ta 354 a Arewacin Afirka, ya ba da labarin abin da ya faru a gidansu lokacin da yake shekara 16. Mahaifinsa ya lura cewa ya balaga, sai ya yi murna ya je ya gaya wa mahaifiyarsa, yana hangen jikoki, bai kuwa ce wa yaron komai a kan yadda zai riƙe kansa ba. Mahaifiyarsa Monika ce ta kira shi gefe cikin damuwa ta gargaɗe shi kada ya yi fasikanci, musamman kada ya taɓa matar wani. Agustin da kansa ya ce ya ɗauki gargaɗin a matsayin maganar mata, wadda zai ji kunyar bi. Ya kuma yi kuka da cewa an fi damuwa da ya yi fice a karatu da iya magana fiye da yadda aka damu da tsabtar rayuwarsa. Ya yi shekaru yana zaune da wata mace ba aure, suka haifi ɗa, sai a shekara ta 387 aka yi masa baftisma a Milan ta hannun Bishop Ambros, Monika kuma ta rasu a wannan shekarar.

Mukan ba da wannan labari don yabon hawayen Monika da naciyarta a addu'a, kuma ta cancanci yabon. Amma ni abin da nake gani a ciki shi ne gurbin da uban ya bari. Yaron ya ji gaskiya, sai dai daga baki ɗaya ya ji ta, shirun mahaifinsa kuma ya zama masa izinin raina ta. Takardar 1995 da Baba Katikis ya ambata ta ce wannan tattaunawa ta fi tafiya daidai idan uwa ta yi da 'ya mace, uba kuma da ɗa namiji. Saurayi yana buƙatar ya ji daga bakin namiji cewa riƙe kai ƙarfi ne, cewa abin da yake ji a jikinsa ba zunubi ba ne a kan kansa, abin da ya zaɓa ya yi da shi ne ake dubawa, kuma cewa Yusufu da ya bar rigarsa a hannun matar Fotifar ya gudu bai zama rago ba. Ba sai an yi dogon zama na musamman ba, domin samari da yawa sun fi sakin jiki idan ana tafiya ko ana wani aiki tare, ba a fuskantar juna ido da ido.

Kaka:
'Ya'yana, ku riƙa ba su labarin Waliyya Mariya Goreti. Yarinya ce 'yar shekara 11 a Italiya, wadda ta gwammace mutuwa da ta yarda da zunubi, ta rasu a 1902 bayan wani saurayi da ya nemi yi mata fyaɗe ya soke ta da wani ƙarfe mai tsini, ta kuma yafe masa kafin ta cika. Paparoma Piyus na XII ya ayyana ta waliyya a 1950, mahaifiyarta tana wurin. Irin waɗannan misalai su ne suka riƙe mu.

Ma'aikaciyar Jinya:
Mama, ina girmama wannan waliyya, kuma gafarar da ta yi wa wanda ya kashe ta, har ya tuba a kurkuku ya ƙarasa rayuwarsa cikin tsoron Allah, abu ne da ya kamata kowane yaro ya ji. Amma ina roƙon mu yi hattara da yadda muke ba da labarin, domin a cikin kowane taron matasa ana iya samun wadda aka riga aka ci zarafinta, tana zaune shiru. Idan abin da ta ji shi ne yarinyar kirki takan mutu maimakon a taɓa ta, za ta yanke wa kanta hukunci cewa tsira da ranta da ta yi laifi ne, ba za ta kuma taɓa buɗe baki ba. Ikilisiya ba ta koyar da haka. Agustin ɗin nan da aka ambata, bayan an washe birnin Roma a shekara ta 410 aka kuma yi wa mata da yawa fyaɗe, ya rubuta cewa tsabtarsu ba ta gushe ba, domin tsabta tana zaune ne a cikin nufin zuciya, kuma wanda aka tilasta wa bai yi zunubi ba.

Saboda haka, a cikin tarbiyyar kunya dole mu haɗa da wannan: yaro ya san sunayen sassan jikinsa, ya san cewa babu wanda yake da ikon taɓa shi ko neman hotonsa ko sa shi riƙe sirri irin wannan, ko ɗan'uwa ne, ko malami, ko ma'aikacin coci komai matsayinsa, ya kuma tabbata cewa idan ya faɗa za a gaskata shi, a kai maganar ga hukuma. A 2 Sama'ila sura 13, lokacin da Amnon ya ɓata ƙanwarsa Tamar, Dawuda ya husata ƙwarai amma bai hukunta ɗansa ba, aka ce wa yarinyar ta yi shiru, ta zauna a gidan wanta cikin baƙin ciki, ƙarshen abin kuma ya zama zubar da jini a gidan. Kunyar da take sa a rufe irin wannan ba ita ce Ikilisiya take yabo ba.

Kaka:
'Yata, kin faɗi gaskiya, kuma ban yi nufin a ɗora wa wadda aka zalunta wani nauyi ba. A ba da labarin, a kuma haɗa da abin da kika ce.

Baban Biyar:
To, bari mu koma kan waya, domin a nan ne nake ganin za mu rabu. Ni ina duba wayoyin 'ya'yana, kuma ba na neman izini. Wasu suna cewa hakan rashin yarda ne, ni kuwa ina ganin sakaci ne uba ya miƙa wa ɗan shekara 14 abin da zai buɗe masa kowace ƙazanta a duniya sannan ya juya baya.

Tsohon Katikis:
Na ce zan dawo kan dokokinka, ga shi lokaci ya yi. A wasiƙar da Paparoma Faransis ya rubuta kan iyali a 2016, akwai sakin layi biyu a jere waɗanda suka amsa wannan. A lamba ta 260 ya ce dole iyaye su san waɗanda suke nishaɗantar da 'ya'yansu da waɗanda suke shiga ɗakunansu ta talabijin da na'urori, ya kuma ce sa ido wajibi ne, sakaci ba ya taɓa amfani. Wannan yana tare da kai. Amma a lamba ta 261 ya ce zaƙewa wajen bin diddigin kowane motsin yaro ba tarbiyya ba ce, domin ba za mu iya mallakar kowane halin da zai shiga ba, kuma babbar tambaya ba ita ce ina yaron yake a wannan sa'a ba, sai dai ina zuciyarsa ta dosa, me ya gaskata, me yake buri.

Ni shawarata ita ce a yi dokar a fili. Yaro ya sani tun ranar da aka ba shi wayar cewa za a riƙa dubawa, ya san dalili, wayar ta kwana a waje da ɗakin barci, ta iyaye ma haka, sannan a riƙa sassauta igiyar yayin da yake girma yana nuna amana, domin ɗan shekara 17 da zai bar gida ba da daɗewa ba yana buƙatar ya fara riƙe kansa tun yana gabanka. Leƙe a ɓoye kuwa, ranar da ya gane, zai koyi ɓoyewa fiye da yadda ka iya nema. Waliyyi Yohanna Bosko, wanda ya rene dubban samari a Turin kafin rasuwarsa a 1888, ya gina tarbiyyarsa a kan hankali da addini da ƙauna, kuma hanyarsa ita ce babba ya kasance tare da yara a wurin wasansu da aikinsu, ta yadda damar yin kuskure za ta ragu tun kafin a kai ga horo. Ya kuma nace cewa bai isa a ƙaunaci matasa ba, sai sun san ana ƙaunarsu.

Baban Biyar:
Baba, na karɓi maganar yin dokar a fili da kuma ajiye tawa wayar tare da tasu. A kan sassautawa kuwa, zan ci gaba da tsanantawa fiye da yadda kuke so, domin kowane uba ya san nasa yaran.

Uwar 'Yan Mata:
Akwai sauran abu guda da ba mu taɓa ba, kuma shi ne ya fi ba ni tsoro. Idan mun yi duk wannan amma yaro ya faɗi fa? Idan na sami batsa a wayar ɗana, ko 'yata ta zo mini da ciki?

Ma'aikaciyar Jinya:
'Yar'uwa, abin da za ki yi a ranar ya dogara da abin da kika shuka kafin ranar. A wurin aikinmu muna ganin 'yan matan da suka jefa rayuwarsu cikin haɗari wajen neman zubar da ciki a ɓoye, kuma idan aka tambaye su, tsoron gida ne yakan fara fitowa daga bakinsu. Uban da ya saba cewa duk wadda ta kawo masa abin kunya ta nemi wani gida yana zaton yana tsare 'yarsa ne, alhali yana tura ta ga zunubin da ya fi na farko girma. Mu Katolika mun gaskata cewa ran da yake cikin mahaifa mai daraja ne tun daga ɗaukar ciki, saboda haka ba za mu riƙe wannan koyarwa sannan mu rufe wa yarinya mai ciki ƙofa ba. Ya kamata 'ya'yanmu su ji daga bakinmu, tun babu abin da ya faru, cewa muna kiran zunubi da sunansa, amma babu kuskuren da zai hana su dawowa gida. Saurayin da ya yi cikin kuma kada iyayensa su ɓoye shi, dole ya ɗauki nauyin abin da ya aikata.

Baban Samari:
Game da batsa a waya, kada a yi maganar a gaban ƙannensa, kada kuma a yi ta cikin zafin rai. Bulus ya gargaɗi ubanni a Kolosiyawa 3:21 kada su matsa wa 'ya'yansu har su karai, kuma yaron da ya karai a wannan fanni yakan daina faɗa da abin, ya koma ɓoye shi kawai. A tambaye shi yaushe abin ya fara da yadda ya fara, a bayyana masa dalilin da ya sa Ikilisiya take ɗaukar batsa babban laifi, wato tana mai da mutanen da suke ciki kayan sayarwa, tana kuma lalata yadda mai kallo yake ganin mata, sannan a taimaka masa da matakai na zahiri, kamar toshe shafukan, da hana kaɗaici da waya da dare, da cika lokacinsa da wasanni da aiki da abokan kirki. Idan abin ya riga ya zama jaraba mai ƙarfi, a nemi ƙwararren mai ba da shawara, babu abin kunya a ciki.

Tsohon Katikis:
Kada kuma a manta da sakaramen tuba, amma a kula da yadda ake kai yaro gare shi. Idan sai ranar da aka kama shi ake jan hannunsa zuwa wurin Fada, zai ɗauki furta zunubi a matsayin horo. Gara iyali su saba zuwa tare a kai a kai, yara su ga mahaifinsu a layi yana jiran nasa lokacin kamar kowa, a bar matashi ya zaɓi Fadan da yake sakin jiki da shi, a kuma tabbatar masa cewa Fada ba shi da ikon faɗa wa kowa abin da ya ji a wurin, ko da iyayensa ne, kuma iyaye kada su tambaye shi abin da ya furta.

Uwar 'Yan Mata:
Na gode muku duka. Baban Samari, akwai 'yan'uwa mata a cikinmu da suke renon samari su kaɗai, wasu mazansu sun rasu, wasu kuma ba sa tare. Wa zai yi wa irin waɗannan yaran maganar da ka ce uba ne ya kamata ya yi?

Baban Samari:
Uwa ta fara da kanta, kada ta jira, domin gaskiya daga bakinta ta fi shiru. Sannan ta nemi namiji guda mai amana wanda yaron ya riga ya sani yana kuma girmamawa, kawunsa ko kakansa ko ubangidansa na baftisma, wanda dama ya yi alkawari a gaban Ikilisiya cewa zai taimaka wajen renonsa cikin bangaskiya. Ta zauna da mutumin tukuna su daidaita abin da za a faɗa, ta kuma gaya wa ɗanta cewa ita ce ta roƙe shi, don kada yaron ya ji kamar an kai ƙararsa.